Masri, Fusha ko Turanci: wane fim ɗin tatsuniya za a kai yara su kalla a Jidda da Makka?

Duk lokacin da sabon fim ɗin tatsuniya ya fito, irin mai gimbiya da mayya da dabba mai magana, mai waƙa jefi-jefi da wawan da ke faɗawa cikin tukunya, sai ra'ayi ya rabu a zaurukan WhatsApp na iyaye Hausawa mazauna Jidda da Makka da Madina. Wata uwa ta ce yaranta sun yi dariya har da hawaye, sun dawo gida suna rera waƙoƙin. Wata ta ce asarar kuɗi ce, ƙaramin ya yi barci, babbar kuma ta yi ta danna waya har aka tashi. Sau da yawa dukansu gaskiya suka faɗa. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne da wane harshe kowace ta kalla. Ta farko ta samu wanda aka juya da Larabcin Masar, ta biyu ta shiga wanda ake magana da Turanci ana rubuta Larabci a ƙasan allo. Hoton ɗaya ne, amma abin da ya isa kunnen yaran ya bambanta ƙwarai, kuma daga nan mafi yawan saɓanin yake tasowa.

Kafin a kwatanta, yana da kyau a san cewa irin wannan fim da abu uku yake jan mai kallo. Akwai barkwancin jiki: santsi, karo da ƙofa, gudu a bi juna, tire ya kife a kan waziri. Wannan ba ya buƙatar harshe, ɗan shekara uku da kakarsa lokaci guda za su fashe da dariya. Akwai barkwancin baki, wato 'yar maganar da wawa ke jefawa bayan ya faɗi, ko gatse tsakanin abokan tafiya. Sai waƙa, wadda a irin waɗannan fina-finai ba ado ba ce kawai, a cikinta ake faɗin abin da jaruma take so da abin da mugu yake ƙullawa. Na farkon yana tsira a kowane juyi. Na biyu da na uku su ne suke rayuwa ko su mutu gwargwadon harshen da aka zaɓa.

A jadawalin silima da manhajojin kallo kalma biyu za ku riƙa gani: mudablaj, wanda aka sauya muryoyinsa zuwa Larabci, da mutarjam, wanda aka bar muryoyin asali aka sa rubutu. Mudablaj ɗin ma iri biyu ne, na Masri, wato Larabcin Masar, da na Fusha, wato daidaitaccen Larabcin littafi, kuma a kansa aka fi kai ruwa rana.

Tun shekarun 1970 kamfanin Disney yake juya fina-finansa da Larabcin Masar, kuma mutanen da yanzu suke iyaye a ƙasashen Larabawa da shi suka tashi. Juyin The Lion King na 1994, inda Muhammad Hinaidi ya yi muryar Timon, Abdurrahman Abu Zahra ya yi ta Scar, har yau shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A 2012 kamfanin ya koma Fusha, a 2013 kuma aka ƙulla yarjejeniya da tashar yara ta Aljazira, aka sake juya tsofaffin fina-finai da dama da Fusha. Frozen na 2013 da Fusha ya fito. Masu kallo ba su yi shiru ba: a 2016 aka yi gangami a kafafen sada zumunta ana neman a dawo da Masri, har da manyan 'yan wasan Masar a ciki. Da manhajar Disney+ ta buɗe a yankin a watan Yunin 2022, sai ga Masri ya dawo da ƙarfinsa, fina-finai da yawa kuma aka ajiye su da juyin biyu, mai kallo ya zaɓa. Saboda haka muhawarar da ake yi a falon gidan Bahaushe a Jidda tsohuwa ce, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Hujjar masu son Masri ta fi ƙarfi a wajen barkwanci, kuma dalilin na lissafi ne. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, an kuma riga an zana bakin ɗan wasa yana buɗewa yana rufewa daidai da kalmomin asali. Mai juyi ba shi da ikon ƙara ko rabin daƙiƙa. A ɗauki misali: kukun fada ya taho da ƙatuwar tukunyar miya, akuya ta gifta, ya yi tangal-tangal, ya tsaya cak kamar ya tsira, sai murfin ya faɗo masa a ka, miyar ta wanke sarki. Ana yin shiru na ɗan lokaci, sarki ya dubi kuku, bakinsa ya motsa na ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Da Masri zai ce "amalt eh?", gaɓa uku, ta shige daidai. Da Fusha sai ya ce "maza fa'alta?", gaɓa biyar. Dole mai murya ya yi sauri ya cusa su, ko ya fara magana kafin shirun ya cika. Shirun nan kuwa shi ne abin dariyar. In aka ci shi, yaro zai ga miya a kan sarki ya yi murmushi, amma ƙyaƙyatawar da ake jira ba za ta zo ba. A fim mai irin wannan wuri talatin ko arba'in, asarar tana taruwa, shi ya sa ake fitowa ana cewa fim ɗin "ba laifi, amma ba ya ba da dariya".

Akwai kuma batun matsayin harshe. Yaron da ya tashi a Hijaz ya san Fusha a matsayin harshen huɗuba da labarai da aji. Idan jaki ya buɗe baki yana ƙorafin yunwa da irin wannan harshe, kunne yana jin wani nauyi da bai dace da jaki ba. Masri kuwa harshen kasuwa da gida ne, da shi ake zolaya. Ga iyalan Makka da Jidda akwai ƙarin sauƙi: Larabcin Hijaz yana da kusanci da na Masar, kalmomi irin su "fen", "kida", "kaman" da "bardu" duk ana faɗinsu a nan. Yaron da ke cewa "dahhin" ba ya ɗaukar lokaci kafin ya gane "dilwa'ti". 'Yan uwanmu da suka zo daga Sudan, daga Mai Wurno ko Gadarif ko Kassala, su ma kunnensu ya saba da shi tun daga wasannin talabijin.

Amma Masri yana da nasa aibin, kuma iyayen da ke guje masa ba tsaurin banza suke yi ba. Masu juyin sukan ƙara gishiri: karin maganar titunan Alƙahira, shaguɓe, da ƙananan zage-zage irin su "ya gabi" ko "ya humar". A fim abin dariya ne. Washegari sai a ji ɗan shekara biyar ya jefa wa yayarsa ita a gaban baƙi. Wanda ya san gidansa da yaro mai saurin kwashe magana ya sa wannan a lissafi. Na biyu, ba kowane Bahaushe da ke Saudiyya ne yake jin Masri ba. Ɗalibin da ya zo Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura da iyalinsa daga Kano ko Zinder, Larabcin littafi ya sani, matarsa da yaransa ma na Islamiyya suka taho da shi. A irin wannan gida Fusha ce za a fahimta, Masri kuwa sai ya zama surutu mai sauri.

Fusha tana da wuraren da take haskawa. Muryar mai ba da labari a farkon fim, jawabin sarki, tsinuwar mayya, duk sun fi kwarjini da ita. Waziri mai girman kai ma yakan fi ba da dariya da Fusha, don harshen ya dace da kumburinsa. Ga yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku, awa ɗaya da rabi yana jin jumla mai cikakken i'irabi riba ce ta gaske, malaman Larabci sun daɗe suna faɗin haka. Kuma kada a yarda da masu cewa Fusha ba ta waƙuwa. Tashar Spacetoon, wadda ta fara a 2000, ta raini yara da waƙoƙin Fusha da aka yi a cibiyar Zuhra ta Dimashƙa, da muryoyi irin na Ɗariƙ Al'arabi Ɗurƙan da Rasha Rizƙ, kuma manya da yawa har yau suna iya rera su daga farko har ƙarshe. Sai dai a lura da bambancin: akasarin waɗancan waƙoƙin buɗe shiri ne da aka tsara su da Larabci tun daga tushe, ba bakin da za a bi. A fim ɗin tatsuniya kuwa jaruma tana waƙar ne fuskarta cike da allo. "Ina so in tafi" da Masri a bakin mace "ayza aruh" ne, gaɓa uku zuwa huɗu. Da Fusha "uridu an azhaba", gaɓa bakwai. Karin waƙar bai canza ba, don haka sai marubuci ya yar da rabin ma'anar ko ya nemo kalmar ƙamus da yaro bai taɓa ji ba. Alamar juyin da ya yi nasara mai sauƙi ce: yaro ya fito yana rera amshin da kalmominsa. In ƙungurmin karin kawai yake yi da hanci, kalmomin ba su zauna ba.

A ganina, ga gidan da aka haifi yaran a Hijaz kuma abin da ake nema shi ne a yi dariya tare, Masri ya fi. Ga gidan da bai daɗe da zuwa ba, ko fim ɗin da labarinsa ya fi barkwancinsa nauyi, Fusha ta fi. Ban ga dalilin da zai sa a mai da fim ɗin hutu darasin nahawu ba, alhali shirye-shiryen Fusha sun cika tashoshin yara kullum.

Mutarjam kuwa sharaɗinsa ɗaya ne, amma mai tsauri: sai wanda ya iya karatu da sauri. Rubutun ƙasan allo ba ya wuce layi biyu, kowane layi haruffa arba'in da 'yan kai, kuma a ƙa'idar Netflix ba ya daɗewa fiye da daƙiƙa 7, sau da yawa ma ɗaya zuwa biyu ne. A wurin da ake gudu ana faɗuwa ana magana lokaci guda, idon yaro yana ƙasa yana haɗa baƙi, murfin tukunya ya riga ya faɗo a sama bai gani ba. Ɗan ƙasa da shekara tara galibi yakan haƙura da karatun bayan minti ashirin, ya koma kallon hoto kawai, daga nan sai tambaya: "Umma, me ta ce?" Waƙoƙi kuma ma'anarsu ake rubutawa, babu amsa-amo babu kari, wasan kalmomi na Turanci yakan zube gaba ɗaya. Ribarsa ita ce baki da murya sun dace, mawaƙan asali ake ji, kuma babu gishirin mai juyi. Ga 'yan shekara goma zuwa sama, musamman masu zuwa makarantun da ake koyarwa da Turanci, shi ne zaɓin da ba za su raina ba. Matasa da yawa suna ganin mudablaj na ƙananan yara ne, in aka tilasta musu sai su ɓata wa kowa zaman.

To ina Hausa? Gaskiya manyan fina-finan nan ba sa zuwa silima ko manhajojin biya da juyin Hausa. Abin da ake samu a YouTube iri biyu ne. Akwai gajerun tatsuniyoyin katun da aka yi wa muryar Hausa, masu minti goma zuwa goma sha biyar, sun isa ɗan ƙaramin yaro amma ba su da waƙa da barkwancin da ake magana a kai. Akwai kuma fassara irin salon da aka saba da shi a fina-finan Indiya da ake juyawa a Kano, inda mutum kaɗan ke yin muryoyi da yawa suna ƙara nasu raha. Wannan yana sa manya dariya sosai, amma rahar ta manya ce, wani lokaci da habaicin da bai kamata yaro ya ji ba. Waɗanda aka ɗora ba da izini ba sukan zo da hoto a yanke, murya a sirance, waƙoƙi a guntule don kada na'urar kamfanin ta gano su, ga tallace-tallacen da ba a san me zai faɗo ba.

Hanyar da ta fi aiki ga gidan da ke da kaka ba ta buƙatar komai sai jika mai baki. Kafin a kunna, a ba ta labarin cikin minti biyar yadda ake tatsuniya: wace ce yarinyar, wa ke ƙinta, me aka hana ta. Sannan a tsayar da fim sau uku kacal, bayan waƙar buri ta jaruma, bayan waƙar mugu, da dab da artabun ƙarshe. "Inna, wannan tsohuwar fa ita ce mayyar, ta ɓad da kama ne." Ya wadatar. In aka tsaya fiye da haka yara za su gaji, in aka yi ta fassara ana cikin tafiya kowa zai rasa barkwancin. Tsofaffinmu ba baƙin wannan salo ba ne. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da waƙa a tsakiyarta take zuwa, tashen watan azumi waƙa ne da shigar ban dariya da faɗuwar ganganci, kuma wanda ya kalli camamar marigayi Rabilu Musa Ibro ba sai an koya masa dariyar mutumin da ya ruga ya yi karo da bango ba. Fim ɗin tatsuniya tashe ne da aka kashe wa kuɗi. Akwai ƙarin riba: yaron da Hausarsa ta fara tsinkewa, in aka sa shi ya mayar wa kakarsa da labarin, ya yi magana da ita ta minti goma ba tare da ya ji an sa shi aiki ba.

Abin da iyaye Hausawa suka fi kuka da shi a irin waɗannan fina-finai ba yawan waƙa ba ne, don mai kallon Kannywood ya saba labari ya tsaya a yi waƙa. Abu huɗu ne suke dawowa a baki: shigar gimbiya, sumba a ƙarshen fim, sihirin da ake nunawa a matsayin mai biyan buƙata, da jarumar da labarinta ya ginu a kan saɓa wa mahaifi. Na ƙarshen ya fi sauran shiga zuciyar yaro, kuma shi ne alamar shekaru ba ta nunawa. Fim zai iya samun G, wato na kowa da kowa, alhali daga farkonsa har ƙarshe uba ne ake nunawa bai san abin da yake yi ba. Alamomin da ake bugawa a Saudiyya, G da PG da PG12 zuwa sama, sun fi auna tsoro da tashin hankali da tsiraici. Wanda wannan ya dame shi ya kalli minti ashirin na farko da minti goma na ƙarshe shi kaɗai. A farkon ake kafa saɓanin, a ƙarshen ake ganin ko an yi sulhu da girmamawa ko an tashi a kan iyaye ne suka yi kuskure. A kuma tuna cewa abin da aka nuna a silima ya bi ta hannun hukumar tantancewa, ana iya yanke wani wuri, wanda ke manhaja kuwa ba lallai ya zama irinsa ba.

Gidajen da ba sa sauraron kiɗa suna yawan tambaya ko za a iya kashe sauti a wuraren waƙa. Hukuncin kiɗa na malamai ne da mai gida, amma ta fuskar aiki amsar ita ce dabarar ba ta fitar da kowa. Waƙoƙin sukan kai shida zuwa takwas, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fim, kuma kiɗan bayan fage bai tsaya a nan ba, kowace faɗuwa ma da nata ɗan kiɗan. Waƙar abokin jaruma mai ban dariya ana iya tsallake ta labari bai karye ba. Waƙar buri da ta mugu kuwa in aka cire su, yaro ba zai san dalilin da ya sa yarinyar ta bar gida ba. Ga irin wannan gida ya fi sauƙi a nemi abin da aka yi shi tun asali ba kiɗa, kamar waƙoƙin tashar Ɗuyurul Janna da ake fitarwa "bidun iƙa'", maimakon a zauna da rimot a hannu ana fama.

Sai batun katun ko na mutane. Kamfanoni sun yawaita sake yin tsofaffin tatsuniyoyinsu da 'yan wasa na gaske, kuma barkwancin jiki ba ya ƙaura lafiya. A katun mutum yakan baje kamar waina ya tashi ya karkaɗe jiki, yaro ya san wasa ne. Da mutum na gaske faɗuwar tana da zafi a ido, dodon ya fi ban tsoro, fim ɗin kuma yakan kai awa biyu maimakon awa ɗaya da rabi. Ga 'yan ƙasa da shekara bakwai katun ya fi. Juyin murya ma ya fi zama a bakin zane fiye da leɓen mutum.

Yanzu silima ko gida. An sake buɗe silima a Saudiyya ranar 18 ga Afrilun 2018 a Riyad bayan fiye da shekara talatin, Jidda ta samu tata a farkon 2019 da kamfanin silima na VOX ya buɗe a Red Sea Mall, kamfanin Muvi ya biyo baya a Mall of Arabia a shekarar. Abin da silima ke bayarwa wanda gida ba ya iya bayarwa shi ne dariyar taro. Barkwancin jiki yana ninkuwa idan yara ɗari suna ƙyaƙyatawa tare, waƙa kuma tana cika ƙirji. Amma a yi lissafi tukuna. Uba da uwa da yara huɗu tikiti shida ne. In aka ƙaddara kowanne riyal 50, an tashi 300 kafin gugguru da abin sha, waɗanda sukan ƙara rabin wannan ko fiye. Mai tahowa daga Makka ya ƙara tafiyar kusan kilomita 80 zuwa, 80 dawowa. Kuɗin manhaja na wata guda galibi ba ya kai tikiti biyu, fim ɗin kuma yakan iso can bayan wata uku ko kusa da haka, da zaɓin harshe a hannu.

Wanda ya yanke shawarar zuwa ya kula da lokaci. Fim mai minti 100 da tallace-tallacen minti 15 zuwa 20 a gabansa awa biyu ne. A kalandar Ummul Ƙura tsakanin Magariba da Isha minti 90 ne, ban da Ramadan da ake mai da shi 120, don haka fim ba ya shiga wannan tsakanin. Bayan La'asar da zafi akwai fili fiye da awa uku, da sanyi kuwa tazarar takan ragu zuwa awa biyu da 'yan mintoci, sai an shiga da wuri. Mafi dacewa ga ƙanana shi ne nunin safiyar Asabar ko na bayan Azahar, lokacin ba su gaji ba kuma zauren cike yake da irinsu, ba wanda zai harare ku don yaro ya yi magana. Nunin bayan Isha shi ne ke haifar da yawancin labaran "ya yi barci tun a tsakiya".

Ƙarar silima ma abin dubawa ce. Ma'aunin da ake saita zaure a kai desibel 85 ne, yana iya haurawa zuwa 105 a wurin tsawa ko rugugin dodo, wanda galibi yake zuwa a kashi na uku na fim. Ɗan ƙasa da shekara huɗu, cikin duhu, da wannan ƙara, kuka zai yi. In dole a je da shi, a zauna a layukan baya kusa da hanya don fita ta yi sauƙi, a riƙe abin toshe kunne na yara. VOX da Muvi suna da zaurukan da aka keɓe wa yara a wasu rassansu, su suka fi dacewa da wannan shekaru. A bar 3D ga 'yan ƙasa da shida: gilashin yana zamewa daga ƙaramar fuska, yana rage hasken hoto, yaro ya cire shi ya ga komai biyu-biyu. Kujeru masu motsi suna da iyakar tsayi, kada a saya kafin a duba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na tikitin kansa. Fim ɗaya yakan bayyana sau biyu a manhajar silima, ɗaya da Turanci ɗaya da Larabci, hotonsu iri ɗaya. Nunin mudablaj ya fi ƙaranci, yakan taru da rana, kuma shi ake fara ragewa bayan mako na farko ko na biyu. Jadawalin sau da yawa "Arabi" kawai yake cewa, bai faɗi Masri ko Fusha ba. Maganinsa a nemi tallan fim ɗin na Larabci a YouTube a saurari rabin minti. In aka ji "eh da" da "izzay", Masri ne. In aka ji "maza" da "kaifa", Fusha ce.

Game da ra'ayoyin da ake karantawa a intanet, taurarin IMDb ko makin Rotten Tomatoes, shafukan da ake auna fina-finai, ba su da amfani sosai ga uwa a Shara Mansur ta Makka. Yawancin masu ba da makin manya ne da suka kalla da Turanci ba tare da yaro ba, suna kwatanta shi da wanda suka gani suna ƙanana. Wani lokaci ma rigimar da ba ta shafi fim ɗin ba, kamar wadda aka zaɓa ta fito a gimbiya, ita ke jawo ruwan maki ɗaya tun kafin a kalla. Abin da ya fi amfani a IMDb shi ne sashen jagorar iyaye, inda ake lissafa wuraren tsoro da zagi da shiga ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayin maƙwabciya ya fi duk waɗannan, in aka yi mata tambaya uku: shekarun yaranta nawa, da wane harshe suka kalla, kuma ƙarfe nawa suka shiga. In ta ce bai yi daɗi ba, aka tarar ta kai 'yar shekara biyar mutarjam ƙarfe tara na dare, ba fim ɗin ta auna ba.

A gida kuma a shirya kafin a tara yara. A buɗe fim ɗin, a shiga alamar sauti da rubutu da ke gefen allo, a zaɓi harshen murya, a kashe rubutun ƙasa in mudablaj ne, domin rubutun Larabcin galibi daga Turancin aka fassara shi, ba ya dacewa da abin da muryar ke faɗa, sai ya rikita mai koyon karatu. Manhajojin suna riƙe zaɓin ne a kan sunan mai kallo, don haka in yaya ta kalla da Turanci jiya a kan suna ɗaya, da Turanci zai buɗe yau. A buɗe wa ƙanana nasu sunan da iyakar shekaru, a sa wa na manya lambar sirri. Idan talabijin tana da saitin daidaita ƙara na dare, a kunna shi, don a irin waɗannan fina-finai magana takan yi ƙasa, waƙa ta zo da ƙarfi, kuma a gidan haya mai maƙwabta sama da ƙasa wannan kaɗai yakan sa a kashe fim tun bai kai rabi ba.